Yadda Babanku Ya Zama Lawal Kuskure

Ran da jikata Ummi ta dawo daga biki a Faskari idonta jawur, wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce ga jikar Kuskure nan, ran nan na ce to ya isa haka. Na sa Kabiru ya zauna ya rubuta, ni ina faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mani magana. Ku yi haƙuri zan kama sunan babanku a cikin labarin nan, abin da ban taɓa yi ba yana raye. Sunansa Lawal. Kuskuren da kuke ji ana liƙa masa daga baya ya samo shi, a shekara guda, a safiya guda ma, kuma ina tsaye aka yi.

Daga Damari aka kawo ni gidansu a Mabai. Shi kuwa tun yana saurayi ya tafi Kaduna cin rani, ya faɗa wani kulob inda Turawa da manyan ma'aikata ke wani wasa da ake ce wa golf, wanda yanzu nake ji 'yan rediyo na kira ƙwallon lambu. Da ɗaukar masu jaka ya fara, daga nan ya koyi bugu, har ya zo ya fi masu jakar. Duk wannan daga baya na fahimta. A lokacin abin da na sani kawai shi ne mijina yana aiki a Kaduna, yana zuwa da sallah da damina, yana kawo mana atamfa da sabulu mai ƙamshi. Shekarun nan ne kuɗin mai suka cika ƙasa, samari suna ta tafiya birni suna dawowa da babur da rediyo, ana ta kwance bunu ana buga kwano. Ɗan kowa ya dawo da abin da za a nuna wa maƙwabta. Naku uban sai ya dawo da wata doguwar jakar fata cike da sandunan ƙarfe masu lanƙwasassun kawuna, da wani ƙaton kofi mai hannu biyu yana ƙyalli. Ya ce wai shi ya zo na ɗaya a duk Arewa. Inna, kakarku, ta jujjuya kofin ta leƙa cikinsa, ta ce ba shi da marfi amma ba laifi. Ta kai ɗaki ta zuba daddawa a ciki.

Rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi, shi ne babba, gandu ya faɗo a kansa. Ya yi noman daminar nan kamar kowa, babu wanda zai ce ya ga kasala a wurinsa. Sai da aka kawar da amfanin gona sannan rikici ya fara. Ya ce akwai babbar gasa da za a yi kafin faɗuwar ruwa, kuma in ya zauna bai taɓa sanda ba har lokacin, gara kada ya je. Sai ya shiga gonarmu ta bayan gida ya tumɓuke tushiyar dawa, ya share wani wuri can ƙarshen gona kusa da gawo. Ya sa aka ɗebo masa yashi daga rafi a kan jaki, ya je tasha ya samo baƙin man mota a garwa, ya cuɗa su, ya shimfiɗa a ƙasa ya yi da'ira baƙa ƙirin. A tsakiyarta ya haƙa ɗan rami, ya kafa kara, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Ku tsaya ku yi tunani, don Allah. Baƙar da'ira, rami, jan ƙyalle, a bakin iyakar gonar mutane. Sannan kowace safiya in an fito daga masallaci ya tafi shi kaɗai, ya ajiye wani farin abu kamar ƙwan zabuwa a ƙasa, ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya bi ta da kallo, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, bakinsa yana motsi. In yaro ya yi magana ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Sai ya kai wa ƙwan nan bugu, ya tashi sama ya ɓace, kuma bai fashe ba.

Ni kaina ban san me zan ce wa zuciyata ba. In zan share ɗakinsa sai na yi bisimilla kafin in matsa kusa da jakar nan. Wata rana na kai masa koko gona, Kabiru yana goye a bayana, na kasa haƙuri na tambaye shi.

"Malam, wai abin ga da kake yi kullum, ba ka riga ka iya ba? Ba kai ka ce ka fi kowa ba?"

"Na iya jiya, Dije," in ji shi. "Na yau ban sani ba sai na gwada. Hannu ba rumbu ba ne da za ki zuba abu ki rufe ki dawo baɗi ki tarar da shi."

"To mi kake faɗi in ka tsuguna? Da wa kake magana?"

Ya yi dariya har sai da ya ajiye ludayi. "Da kaina. Cewa nake, Lawal kada ka ɗaga kai. Shekara nawa ina faɗa masa, har yau in na yi sake sai ya ɗaga."

Ya ba ni sandar ya ce in riƙe. Na damƙe ta kamar zan kashe maciji. Ya ce a'a, in riƙe ta kamar ɗan tsako, kada ya kuɓuce kada kuma ya mutu. Ya ce masu ƙarfi da yawa ya gani sun zo sun tafi ba su ci komai ba, saboda suna jin haushin ƙwallon. Ya ce dokar wasan da ta fi kowace wuya ita ce duk inda ta faɗi, ko cikin ƙaya ko cikin rami, nan za ka same ta ka buga, ba ka ɗauka ka gyara mata wuri. In kuma ka yi mummunan bugu ka bar shi nan, kada ka kai shi rami na gaba. Na ce to. Wallahi ban gane komai ba, na dai ga yana jin daɗin faɗa. Na kwashi kwanona na koma gida ina tunanin ko dai zaman birni ne ya taɓa shi.

Maƙwabcinmu na gona shi ne Malam Barau, mutum mai son shanunsa kamar 'ya'yansa. Ana cikin haka bijiminsa na huɗa ya kumbura ya mutu, wataƙila wani abin ya ci, Allah ne masani. Sai ɗansa ya tsinci farin ƙwan nan guda a cikin kunya, ba nisa da turken. Suka kai shi dandali. Aka ɗora a kan dutse aka buga masa wani dutsen, ya yi tsalle ya kusa cire wa wani ido. Aka kira mahauci ya sa wuƙa ya tsaga shi da ƙyar. Wayyo! Wai sai ga wasu siraran abubuwa suna ta fitowa suna murɗewa da kansu kamar tsutsotsi, suna ƙara, a can tsakiya kuma wani farin ruwa mai kauri ya tsiyayo. Mahaucin ya yar da wuƙa ya ruga. Daga baya babanku ya ce zaren roba ne aka nannaɗe da ƙarfi, haka ake yin su a lokacin. Wa zai saurare shi? Kafin azahar duk Mabai an san cewa Lawal ya koyo tsafi a wurin Turawa, yana jefa wa mutane ƙwai a gona.

Daga ranar gidanmu ya zama abin tsoro. Matan da muke sussuka tare suka janye turamensu. In na aiki yayarku Sa'adatu sayen mai sai a karɓi kwalbar da gefen zane. Aka daina aiko wa Inna tuwon suna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shi gogan naku bai fasa ba. Gari na wayewa ya ɗauki jaka ya nufi gona. Don ya wanke kansa ma sai ya kira wasu samari ya ce su zaɓi duk abin da suke so ya jefa. Suka nuna wani kututture can nesa, ya buga ta faɗi a gindinsa. Suka nuna suri, ya sake samu. Ya dawo gida yana murna wai yanzu sun ga wasa ne. Su kuwa suka shiga gari suna rantsuwa cewa sun gani da idonsu, ƙwan yana jin maganarsa, duk inda ya aike shi nan yake zuwa.

Labari ya bi 'yan kasuwa har Damari. Ba a jima ba sai ga Baba, mahaifina, a kan kekensa, ƙura har gira. Ko ruwa bai sha ba. Ya tsaya a zaure ya sa aka kira ni.

"Dije, haɗa kayanki. Ban ba matsafi ɗiyata ba."

"Baba, wasa ne fa, in ji shi."

"In ji shi. Ke mi kika gani? Kin taɓa ganin wasan da ake yi mutum guda, ba kiɗa ba abokin karawa? Kin taɓa ganin ƙato da gemu yana yi wa rami tuta?"

Gaskiya ban taɓa gani ba. Kuma kun san in na fita daga gidan nan ni kaɗai zan fita. Sa'adatu a nan za ta zauna, Kabiru ma da na yaye shi za a zo a karɓe shi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na ɗauki kwalla na ajiye, na sake ɗauka. Ina son mijina, wannan ban taɓa shakka ba, mutum ne da bai taɓa ɗaga mani murya ba. Amma ina tsoron jakar nan, ina kuma tsoron Baba. Inna ce ta fita ta durƙusa masa, tsohuwa da ita, ta roƙe shi ya bari a kai magana gaban Maigari tukuna. Maigari ya saurari kowa, shi ma da gani kansa ya ɗaure. Ya ce tun da Lawal ya ce wasa ne, to gobe da hantsi ya zo ya yi wasan a gaban jama'a, da Liman da kowa, a gani.

Da safe na sami babanku a tsakar gida yana goge sandunansa da tsumma, hankali kwance kamar mai shirin zuwa kasuwa. Ni a tunanina in ya buga da kyau, aka ga gwaninta, shi ke nan ya fita. Na ce masa don girman Allah yau ya yi bugun da bai taɓa yi ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Haka kike so?"

"To da mi zan so? Aurena ne fa a kan karan nan naka."

"Na sani," in ji shi. "Tsibin ƙaiƙayin da kuka bari a masussuka, bayan tsamiya, yana nan?"

"Yana nan. Mi ya kawo ƙaiƙayi cikin maganar ga?"

"In an watse ki je ki duba mani shi. Ke kaɗai."

Na ce a raina shi ke nan, mutumin nan ya tafi. Ana maganar rabuwa yana maganar ƙaiƙayi.

Ni da Inna muka tsaya a bayan danga muna leƙe ta kafa. Garin kaf ya fito, amma kowa ya ja baya, an bar masa fili kamar mai cuta. An shimfiɗa wa Maigari buzu, Baba yana zaune kusa da Liman, ba nisa da inda muke. Sai na ji Baba yana ce wa Liman ƙasa-ƙasa, in dai abin nan ya tafi inda ya aike shi, to magana ta ƙare, ɗan Adam ba ya haka da hannunsa kawai. Liman ya gyaɗa kai. Ashe addu'ar da na kwana ina yi ta kashe aurena ce. To in roƙi Allah ya kuskure? In ya kuskure kuma ai ya zama maƙaryaci, mai cewa ya fi kowa a Arewa. Na buɗe baki in yi addu'a na rasa wadda zan yi. Sai na ce, Allah ka san abin da nake nufi, ni ban sani ba.

Babanku ya ajiye ƙwallon. Ya tsinki ciyawa ya watsa, mutane suka ƙara ja da baya. Ya nuna jan ƙyallen da sanda, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, can zai kai ta. Ya gyara tsayuwa, ya buga. Ta tashi kamar abin kirki, sai kawai ta karkace hagu, ta yi ta karkacewa har ta ɓace bayan tsamiya, ko kusa da gawon ba ta je ba. Ya sosa ƙeya, ya ce a yi masa haƙuri, ya ajiye wata. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Da ya buga ta uku ta sake yin hagu, sai wani tsoho mai sayar da goro ya ce, "Kai, Lawal, ko mu matsar maka da gawon ne?" Ai sai wuri ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, ta mutanen da suka daɗe da tsoro a ciki. Samarin da suka rantse ƙwan yana jin magana aka shiga yi masu tsiya, su ma suka ce ai dama sa'a ya ci ran nan. Wani ya ce abin da ke ciki ma roba ce irin ta danƙon harbin tsuntsu, kowa ya ce ƙwarai kuwa, dama shi ya faɗa. Malam Barau ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce wannan ko kaza aka ɗaure masa ba ya samu, balle bijimi. Yara suka bi babanku suna tafi suna Kuskure, Kuskure. Shi kuwa yana tsaye da sanda a hannu yana murmushi, kunnuwansa kawai na ga suna rawa.

Maigari ya ce a cike ramin, a cire tutar, kada a sake wannan shirme a gonakin mutane. Baba ya shigo gida yana share hawayen dariya da bakin rawani, ya sha ruwa, ya ci tuwo har da ƙari.

"Zauna ɗakinki, Dije," in ji shi. "Na ɗauka mugu na ba, ashe sakarai ne. Sakarai kuwa ana zama da shi. Ki dai riƙa lallaɓa shi."

Na ce to, Baba. Ina murna, ina jin kunya, ina jin kamar in shaƙe wani, ban san wa ba. Sai da rana ta yi sanyi na tuna da ƙaiƙayi. Babu wanda ya je neman ƙwallayen, har a lokacin ba mai son taɓa su. Na zagaya bayan tsamiya na tsaya a gaban tsibin, ina jin kaina wawuya. Na sa hannu na tona. Ga ɗaya. Na matsa kaɗan, ga ta biyu. Ta ukun tana ƙasa da su. 'Yar tabarmar sallah za ta rufe su duka ukun. Daga inda ya tsaya ko ganin tsibin ba a yi, tsamiya ta tare. Na zauna a cikin ƙaiƙayin nan yana cin jikina, na rasa kuka zan yi ko me.

Na ƙulle su a bakin zane na kai masa. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran igiyar guga.

"Nawa kika samu?"

"Uku."

Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi. "Ta biyun ce na ji tsoro, iska ta ɗan taso."

"Malam, ka mai da kanka abin dariya a garin ubanka. Ka bari in kai wa Baba ya gani!"

"Ki kai masa ya ga mi? Ya ga sun tafi inda na aike su?" Ya ci gaba da tufkar igiyarsa. "Na faɗa maki, inda ta faɗi nan ake bugunta. A nan ta faɗo mani, Dije."

Ya je gasar, ba tare da ya sake taɓa sanda ba tun ranar. Ya dawo ba kofi, ya ce hannun ya yi tsatsa, yara sun taso. Ya sake gwadawa shekara mai zuwa, daga nan ya rataye jakar a bayan ƙofa, ya kama noma da kiwon tumaki har ƙarshen ransa. Abokan wasansa da suka zauna a Kaduna wasu har ƙasashen waje aka kai su, ya ji a rediyo ya ce madalla. Wani lokaci in yana tafiya gona da sandar kiwo sai in hango shi ya tsaya, ya gyara ƙafa, ya kai wa iska bugu a hankali, ya waiga ko an gan shi. Wannan abin yana ci mani rai har yau. Baba ya rasu yana yi masa kallon sakarai mai kirki. Bayan rasuwar na ce to yanzu sai in faɗa, babanku ya ce in bari, mutane sun saba, kada a tayar masu da hankali a banza. Shekaru ina zaune da mutumin nan, na haifa masa ku bakwai, ban gama sanin ko godiya ya kamata in yi masa ko faɗa ba. Nakan yi duka biyun a rana guda.

Yana ciwon ajali na tambaye shi, duk bugun da ya yi a duniya, da na gaban Turawa da na cin kofi, wanne ya fi. Bai yi dogon tunani ba. Ya ce na gaban Maigari, don ran nan ne kaɗai in ya kuskure ba shi da gobe.

Ƙwallayen suna nan a cikin kofin, na kwashe daddawar Inna tuntuni, ko da yake in ka sa hanci har yanzu za ka ji ta. Duk mai so ya zo ya gani, sun yi ja saboda tsufa. Ke kuma Ummi, ki share hawayenki. In an sake ce maki jikar Kuskure, ki juya ki amsa. Shi ma duk wanda ya kira shi da sunan, babba ko yaro, na'am yake cewa.